Kulob ya riƙe wa ƙanena albashin wata biyar: ya shiga yajin aiki ko ya nemi sallama?

Baban Walida, Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙwallon ƙafa ta cikin gida, musamman waɗanda suka taɓa buga ta ko suka san dokokinta. Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya taso yana buga ƙwallo a filayen makarantun nan Agege kafin Allah ya ɗaga shi, yana tsaron baya a wani kulob da ba zan ambaci sunansa ba, kuma yau wata biyar ke nan rabonsa da albashi. Alawus ɗin wasannin da suka ci ma ba a biya ba, sai dai idan za a tafi wasan waje a miƙa wa kowa abin da zai ci abinci a hanya. Matarsa da ɗansu suna gidana, kuma daga abin da nake samu a shagon ɗinki nake biyan kuɗin makarantar yaron.

Daren jiya ya kira ni ya ce manyan 'yan wasa sun yanke shawarar ƙaurace wa atisaye daga ranar Litinin, an kuma nemi kowa ya sa hannu. A ɗaya ɓangaren akwai wani kulob da ke zawarcinsa, amma shugabanninsa sun ce ba za su ba shi takardar sallama ba sai ya rubuta da hannunsa cewa ya yafe bashin. Shin ya bi 'yan uwansa yajin aiki, ko ya yafe ya tafi, ko akwai wata hanya da doka ta tanada?

Koci Ɗanlami, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya sami ƙaninka ya same ni, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani. A shekarar da muka bi kulob ɗinmu albashin wata bakwai, mu talatin muka yi alkawari a ɗakin kyaftin cewa babu wanda zai sa takalmi sai an biya. Kwana uku muna zaune a bakin ƙofar fili da jakunkunanmu. A dare na uku sakataren kulob ya sauka a wani otal, ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya fito da ambulan mai kuɗin wata ɗaya tare da alkawarin cewa shi ba ya cikin waɗanda za a sallama. Zuwa safiyar Alhamis mutum goma sha ɗaya sun koma atisaye, aka cike gurbin sauran da yaran ƙaramar ƙungiya, aka buga wasan Lahadi kamar babu abin da ya faru. Da kaka ta ƙare, mu huɗu da aka ce mu ne kanwa uwar gami aka cire sunayenmu, kuma har yau ban ga kuɗin nan ba. Ban zargi waɗanda suka koma ba, domin na san wanda matarsa ke asibiti a makon.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, akasarin ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, irin su Kano Pillars da Enyimba da Rangers da Shooting Stars da El-Kanemi Warriors. Ban ce kowanne yana riƙe albashi ba, amma tsarin ɗaya ne: shugaban kulob ba shi ne mai kuɗin ba, takarda yake rubutawa ta bi ta ma'aikatar wasanni ta jira sa hannun gwamna. Saboda haka sau da yawa yajin aikin yana matsa wa mutumin da ba shi da ikon biya, wanda ke da ikon kuma bai ma san an daina atisaye ba. Shawarata kada ƙaninka ya sa sunansa a sahun farko.

Barista Hauwa, Obalende:

Baban Walida, kafin komai ka kira shi yau ka hana shi sa hannu a takardar yafiyar nan, domin da zarar ya rubuta cewa ya yafe, ya miƙa musu hujjar da za su kare kansu da ita a gaban kowane kwamiti. Haka kuma ƙaurace wa atisaye da baki kawai yana da haɗari, saboda kulob zai iya rubuta cewa ɗan wasa ne ya gudu daga aiki, sai mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma.

Dokokin FIFA kan matsayin 'yan wasa da sauya sheƙa suna da sashe na 14bis, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2018. Sashen ya ce idan kulob ya gaza biyan albashin aƙalla wata biyu, ɗan wasa yana da hujjar soke kwantiraginsa, da sharaɗin ya rubuta wa kulob takardar gargaɗi ya ba shi wa'adin da bai gaza kwana 15 ba. Kotun FIFA tana sauraron rikicin da ya haɗa ɗan wasa da kulob na wata ƙasa ne, don haka tun da ƙaninka ɗan Najeriya ne a kulob ɗin Najeriya, ƙararsa za ta tafi kwamitin sasanci na NFF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, inda lauyansa zai kafa hujja da wannan ma'auni. Akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da reshe a nan Ikoyi, kuma sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya ba ta hurumin shari'ar albashi. Shugabannin kulob kan tsoratar da yara cewa FIFA ta haramta zuwa kotu, alhali sashe na 22 na dokokin FIFA ɗin nan ya bar wa ɗan wasa 'yancin kai rikicin aiki gaban kotun ƙasarsa.

Ya rubuta takardar da kwanan wata, ya lissafa watannin da adadin kuɗin, ya kai wa sakataren kulob a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, ya aika wani kwafin ga hukumar gasar, sannan ya ci gaba da zuwa atisaye har wa'adin ya cika.

Alhaji Sabo, Mile 12:

Bayanin Barista ya gamsar da ni game da yaron nan, amma ina da ja da Koci Ɗanlami kan yajin aiki, cikin girmamawa. Abin da ya karya su rashin ƙungiyar 'yan wasa ne mai ƙarfi a bayansu, domin 'yan wasan kulob ɗaya ne suka tsaya su kaɗai. A Ingila har zuwa farkon 1961 doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar tsayar da gasar gaba ɗaya aka soke ƙa'idar, nan da nan Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100. A Sifaniya a watan Agustan 2011 an ɗage makon farko na La Liga, saboda kimanin 'yan wasa 200 suna bin ƙungiyoyinsu kusan Yuro miliyan 50, kuma taurarin Real Madrid da Barcelona da ba sa bin kowa ko sisi sun tsaya tare da masu bin bashin. Wannan tsayawar ce muka rasa. Binciken da FIFPRO, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, ta fitar a 2016 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na 'yan wasan da aka tambaya a ƙasashe daban-daban sun fuskanci jinkirin albashi, wato cutar ba tamu ba ce mu kaɗai, amma wasu sun samo mata magani ta hanyar haɗa kai.

Ko a kasuwarmu ta nan, idan ɗan dako ɗaya ya ƙi sauke tumatir, mai mota wani zai kira. Ranar da duka suka zauna kuwa, shugabannin kasuwa da kansu ke zuwa neman sulhu kafin rana ta yi zafi kaya su lalace.

Koci Ɗanlami, Idi-Araba:

Alhaji, na yarda da kai, sai dai ko masu ƙungiya ana karya su. A NFL, gasar ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu, a 1987 'yan wasa sun yi yajin kwana 24, masu kulob suka ɗebo wasu suka buga wasannin mako uku da su, manyan taurari suka fara sulalewa suna komawa, yajin ya watse ba tare da an biya musu buƙata ba. Ƙanin Malam ba zai iya jiran a gina ƙungiya ba, shekarun ɗan ƙwallo ƙidayayyu ne.

Baban Walida, Agege:

Allah ya saka muku da alheri. Na kira shi bayan La'asar, ya yi mini alkawarin ba zai sa hannu a yafiyar ba. Sai dai wata matsala ta ɓullo: ya ce ranar da ya sa hannu a kwantiragin, shafi uku aka miƙo masa a kan bonet ɗin mota, ya sa hannu aka karɓe, ba a ba shi kwafi ba. Barista, yaya zai yi?

Barista Hauwa, Obalende:

Wannan ba ya rushe haƙƙinsa. Sashe na 8 na dokokin FIFA da na ambata ya wajabta a haɗa kwafin kwantiragi da takardar neman rajistar kowane ƙwararren ɗan wasa, don haka ya rubuta wa hukumar gasar ya nemi a ba shi kwafin da kulob ya ajiye a wurinta. Idan ya samu, ya duba adadin albashin da aka rubuta da kyau, domin na taɓa ganin inda abin da ke takarda bai kai abin da aka faɗa wa yaro da baki ba. Gobe kuma ya je banki ya karɓi bayanan asusunsa tun daga watan da ya fara karɓar albashi, wanda zai nuna nawa ake tura masa da watan da aka daina, kuma kada ya goge saƙonnin WhatsApp da ke tsakaninsa da sakataren kulob.