Ɗanyen nama ko dafaffe ga karen gadi?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. An ba ni kwikwiyo ɗan wata uku don gadin gidan gona. Wani ya ce in riƙa ba shi ɗanyen nama da kayan ciki zalla, wai ya fi sa kare zafi. Masu karnuka, me kuka gani?

Ɗan Mabera: Wa alaikumussalam. Ɗanye mana. Kura wa ke dafa mata?

Sarkin Baka: Namu na hwarauta tuwon gero da nono su ka ci, sai abin da sunka kama a daji. Kuma babu zomon da ka tsere musu.

Hajiya ta Runjin Sambo: Baban Ummi, kada ka biye wa Ɗan Mabera. Bara nake sayen hanjin kaji da ƙafafu wurin masu figa, in jefa a firji, a riƙa ɗiba ana ba karenmu. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, wuta kuma ka san halinta. Abin ya narke ya sake daskarewa, ledar har jini take tsiyayarwa a kan kwanon miya. Kare ya kama amai da zawo da jini, sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Autata da ke wasa da kwanonsa ita ma ta kwanta da gudawa a makon. Likita ya ce ɗanyen naman kaza kan ɗauko ƙwayar Salmonella, kuma ƙanƙara ba ta kashe ta, sai wuta. Tun ranar tafasawa muke yi, ruwan romon a zuba masa a kan tuwo.

Ɗan Mabera: Laifin masu wuta ne wannan, Hajiya, ba na nama ba.

Dokta: Ni huhu da hanta suka fi damuna. Kun san irin wanda ake gani da ƙulluttukan ruwa a jikinsa, mahauci ya yanke ya wurga wa karnukan mayanka? 'Ya'yan tsutsa ne a ciki. Kare ya ci, ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma cikin tumaki da raƙuma, har da mutane. A mutum hanta take kamawa, wani sai an yi masa tiyata. Maganin tsutsa da ake kira Praziquantel na kashe ta a cikin kare, amma in ya koma ci, ta dawo. Sannan tsoka zalla ba ta gina ƙashi, kwikwiyo irin naka ƙafafunsa za su lanƙwashe. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake yi ya soki hanji. Miyar da ta ji albasa ma kada a ba shi, tana lalata masa jini.

Sarkin Baka: A Sakkwato ka ka hana cin albasa, Dokta? Mutanen Goronyo na jin ka.

Malam Ustaz: Mutane na neman na miya, ku kuna rabon nama da kare.

Hajiya ta Runjin Sambo: Malam, hanjin da ake zubarwa ne fa. Kuma kai ka karantar da mu cewa na gadin gona da kiwo babu laifi.

Malam Ustaz: Ban janye ba. Kwanonsa dai ya zama daban.

Baban Ummi: To Dokta, ɗanyen ƙashin saniya fa, babba?

Ɗan Mabera: Wai wa ya shiga Kara jiya? Nawa ake faɗin ɗan akuya?