Yaya matuƙa biyu za su yi barci tare a sama?

Direban Dare:

Assalamu alaikum jama'a. Ni direban tirela ne, shekara sha tara ina bin hanyar Kano zuwa Legas. Bana in Allah ya yarda zan hau jirgin sama karo na farko, yara sun haɗa kuɗi sun biya mini Umara. To jiya a tasha wani yaro ya karanta mana labarin jirgin Habasha da ya taso daga Khartoum zuwa Addis Ababa a watan Agustan 2022. Wai matuƙan biyu barci ya kwashe su har suka wuce filin jirgin, sai ƙarar wata na'ura ce ta tashe su, suka juyo suka sauka bayan minti 25. Tun daga nan raina bai kwanta ba.

Ni barcin tuƙi ba labarinsa aka ba ni ba. Wani dare tsakanin Abaji da Lokoja, wajen ƙarfe uku, ga goro a baki, ga gilashi a sauke, idona biyu a buɗe, amma wallahi ban san lokacin da na wuce teburin mai shayin da na saba tsayawa ba. Yaron motata ne ya daki kafaɗata ya ce, "Oga, hau gefe." Na faka na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. To ni ina da gefen titi. Shi na sama ina zai faka? Kuma in an sa su biyu don ɗaya ya tsare ɗaya, ta yaya duka suka tafi?

Ɗan Zariya:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Ni ba matuƙi ba ne, a ƙasa nake aiki, ɓangaren tsara tafiyar jirage, amma kullum da su nake cuɗanya.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a ƙasashe da yawa doka ta yarda ɗaya ya yi barci a kan kujerarsa idan jirgi ya daidaita a sama. Sharaɗin shi ne ya gaya wa ɗan'uwansa, kada ya wuce kamar minti 40, kuma in ya farka ba ya karɓar tuƙi sai ya wartsake. Wasu kamfanoni har ma'aikaciyar cikin jirgi suke sa wa ta riƙa kiran na farken lokaci-lokaci, wato ita ce yaron motar. Inda gizo ke saƙa shi ne idan na farken ma a gajiye ya zo aiki. A Janairun 2024 a Indonesiya, kyaftin na kamfanin Batik Air ya kwanta ya bar mataimakinsa, shi kuwa mataimakin tagwaye jarirai gare shi a gida, ba ya samun barcin kirki. Shi ma ya ɓingire. Minti 28 jirgin yana tafiya ba mai ido biyu, na'urar tuƙi da kanta ce ke riƙe da shi, har ya kauce hanya. Suka farka suka sauka Jakarta lafiya.

Ni a nawa ganin barcin da ake yi can ƙololuwa, ƙafa dubu talatin da wani abu, ba shi ne mafi muni ba, don na'ura ba ta gyangyaɗi. Magagin barci ne abin tsoro. Ranar 22 ga Mayun 2010 jirgin Air India Express ya taso daga Dubai cikin dare zuwa Mangalore. Baƙin akwati, wato na'urar da ke naɗar sautin ɗakin tuƙi, ya naɗi minsharin kyaftin, ya fi awa ɗaya da rabi yana barci. Ya farka dab da sauka, kai bai gama dawowa ba, jirgi ya zo da tsayi fiye da kima. Mataimakinsa ya yi ta gaya masa a fasa a sake kewayowa, bai ji ba. Titin filin kuwa a kan tsauni yake, ƙarshensa kwari. Suka dira can tsakiya, titi ya ƙare, suka faɗa. Mutum 158 suka rasu, takwas suka tsira.

Maman Hanifa:

Malam Direba, ƙarfe ukun nan da ka ambata ba kai kaɗai ba ne. Ni nas ce, ina aikin dare. Tsakanin ƙarfe biyu da shida na asuba jikin ɗan Adam kansa ne ke sauka, ko ka yi barcin rana. A lokacin ne nake karanta sunan magani sau uku kafin in zuƙa a sirinji. Wanda ka yi, ido a buɗe amma kai ya ɗauke na ɗan lokaci, mu ma muna yi a tsaye. Shayi da goro jinkirta shi kawai suke.

Tsohon Makanike:

Ku ƙyale barci haka nan, ku zo ga shagala, don wanda idonsa biyu ma yana kai mutane lahira. Disambar 1972, jirgin Eastern Air Lines zai sauka Miami ta Amurka da dare. Suka saki tayoyi, sai koriyar fitilar da ke nuna tayar gaba ta kama ta ƙi kunnuwa. Suka ɗaga zuwa ƙafa 2,000 suna kewaye, duk mutanen ɗakin tuƙi suka taru a kan ƙwan fitila: wannan yana ciro shi, wancan ya sauka ramin da ke ƙarƙashin ɗakin tuƙi yana leƙen taya. Garin haka aka taɓa sitiyari, na'urar da ke riƙe tsayi ta saki, jirgi ya fara sauka a hankali a kan fadamar Everglades, duhu ƙirin ba ko fitilar gida ɗaya da za ta nuna musu ƙasa na matsowa. Ƙararrawa ta buga, ba wanda ya ji. Jirgi ya faɗi, mutum 101 suka rasu. Da aka bincika, tayar lafiya lau ta fito, ƙwan ne kawai ya ƙone.

Mu a gareji mun san wannan ciwon. Mutum huɗu kan noti ɗaya, an manta mota tana kan jak.

Saboda irin wannan shagala tun 1981 Amurka ta kafa doka: ƙasa da ƙafa 10,000 ba hira, ba cin abinci, ba maganar da ba ta tuƙi ba. Sama da haka kuma? A 2009 wasu matuƙan kamfanin Northwest suka buɗe kwamfutocinsu suna duba sabon jadawalin aiki, suka wuce Minneapolis da mil 150, ana ta kiran su ta rediyo shiru. An ƙwace lasisinsu.

Direban Dare:

Kai, na ƙwan fitilar nan ya fi ba ni tsoro. Amma Ɗan Zariya, ɗana, ga abin da nake son ji. Mu in ka ce wa mai mota ka gaji, cewa zai yi kaya na jira a Apapa, in ba za ka iya ba ga wani. Shi matuƙi yana da bakin cewa yau ba zan tashi ba?

Ɗan Zariya:

A rubuce yana da shi, Baba, har wajibi ne a kansa. A aikace kuwa ya danganta da kamfani da kuma aljihu. Dubi jirgin Colgan Air da ya faɗi kusa da Buffalo ta Amurka ranar 12 ga Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu har da wani da ke cikin gidansa. Mataimakiyar matuƙin yarinya ce 'yar shekara 24, albashinta bai kai ta kama haya kusa da wurin aiki ba, tana zaune can Seattle, ɗaya ƙarshen ƙasar. Daren da ya gabata a jiragen kaya ta kwana tana neman isowa Newark, inda wurin aikinta yake, ga mura tana damun ta. Suna gangarowa suna hira, gudun jirgi ya ragu ba su lura ba. Da sitiyari ya fara karkarwa don gargaɗi, maimakon kyaftin ya tura gaba sai ya ja baya. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan wannan kuskuren nasa, amma sun ce da alama gajiya ta taɓa su duka biyun.

Iyalan mamatan ne suka yi ta zarya majalisa har aka canza doka. Daga 2014 matuƙin jirgin fasinja a Amurka sai ya samu hutun awa 10 kafin ya hau aiki, a ciki da damar barcin awa takwas a jere. Abin haushi, matuƙan jiragen kaya, waɗanda su ne suka fi tashin dare, ba a sa su ciki ba.

Direban Dare:

Ashe har a sama ma direban kaya shi ake raina wa wayo. Na gode jama'a. Na duba takardar da yara suka kawo, tashinmu ƙarfe ɗaya na dare ne. Zan tafi da goro biyu, in an bar ni na wuce da shi.