Shin kimiyya ta fi ƙarfin 'yan mata?

Malama a Ringim: Assalamu alaikum. Wani mahaifi ya cire 'yarsa daga ajin kimiyya, wai fannin na maza ne, alhali ita ce ke koya wa ƙawayenta darasin sinadarai da daddare da hasken tocila. Abin ya dame ni ƙwarai. Wace hujja zan kai masa?

Malam a Gwaram: Wa alaikumus salam, Malama. A jarrabawar PISA ta 2018, wadda OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa, ke shirya wa 'yan shekara 15 a ƙasashe daban-daban, 'yan matan Jodan da Saudiyya sun zarce maza a kimiyya, kodayake Najeriya ba ta shiga ba.

Hajiya a Bichi: 'Yata, ki bi ta hannun limamin garinsu, a tuna wa mahaifin cewa ranar da maiɗakinsa ta je awo, likita mace zai nema.