Uwa 'yar Najeriya, uba ɗan Nijar: yaron ɗan ina ne?

Maman Sadik, Kubwa: Salamu alaikum. Ƙanwata ta kai ɗanta wani ofis a yi masa takarda. Ma'aikacin na ganin an rubuta uba ɗan Maraɗi, sai ya turo mata fom ɗin ta ƙasan gilashi, wai yaro ɗan Nijar ne, ta kai shi can. A Gwagwalada fa aka yanke masa cibiya, uban ya rasu yana goye. Haka dokar take?

Alhaji mai katako, Dei-Dei: Allah ya jiƙansa. Amma Hajiya, ɗa na uba ne. Sunan wa yake amsawa?

Barista: Alhaji, nasaba daban, zama ɗan ƙasa daban. Ba wanda ya raba yaro da sunan ubansa. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Ɗaya aka ce, ba a ce uba ba. Da a Maraɗin ma ta haife shi, uwarsa ta wadatar.

Malam Ɗanjuma: Ni na ɗauka duk wanda aka haifa a nan shi ke nan.

Barista: Wannan tsarin Amurka ne, Malam. Mu jini ake bi.

Alhaji mai katako: To in dangin uban suka zo ɗaukar abinsu fa? Takarda za ta hana?

Anti Ladi, Nyanya: Haba Alhaji, shekara nawa ba su leƙo ba? Wadda ta yi goyo ta biya kuɗin makaranta ita ce baƙuwa?

Barista: Riƙo magana ce ta kotu, kuma a nan Abuja dokar haƙƙin yara ta 2003 maslahar yaro take sa wa gaba. Inda nake ji wa ƙanwarki, Hajiya, shi ne takardar asalin ƙaramar hukuma. Sashe na 318 na kundin tsarin mulkin ya yarda mutum ya danganta da jiha ta wajen uwa ko uba, amma a aikace garin uba ake tambaya. Nan ake wahalar da irin yaran nan, ranar neman gurbin jami'a ko aikin gwamnati.

Alhaji mai katako: Ka ga ka dawo maganata.

Barista: Ban dawo ba. Abin da ake yi na faɗa, ba abin da aka rubuta ba.

Maman Sadik: Takardar haihuwar ma ta asibiti ce kawai a hannunta, duk ta yage a lanƙwasa.

Barista: Ta fara karɓo ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta tafi da katin shaidarta. Iyayenku 'yan ina ne?

Maman Sadik: Zariya. Baba na nan da ransa, mai unguwa ma abokinsa ne. Bari in kira ta.