Shin Ya Dace a Kashe Gargaɗin Ruby Yayin Gwaji?

Malam Bashir: 'Yan'uwa, a ganina babu laifi a rufe wa Ruby, harshen rubuta manhajar kwamfuta, baki lokacin gwajin manhaja. Harshen bai hana sauya kafaffiyar ƙima ba, wato constant, ƙimar da aka kafa domin ta zauna yadda take, gargaɗi kawai yake yi cewa an riga an kafa ta. Idan na mayar da $VERBOSE, saitin da ke kula da fitowar gargaɗi, zuwa nil domin a kashe gargaɗin, na yi sauyina, sannan na dawo da shi yadda yake, ban saɓa wa wata ƙa'ida ba, kuma Rails, tsarin gina manhajar yanar gizo da Ruby, ma ta tanadi umarnin silence_warnings domin irin wannan buƙata.

Malama Rabi: Malam Bashir, ban yarda ba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Abin da silence_warnings ke dawo da shi $VERBOSE ne kaɗai, ƙimar da ka sauya tana nan a sauye. Idan ka rage lokacin jira daga daƙiƙa 30 zuwa 1 domin gwaji guda, duk gwajin da ya biyo baya 1 zai tarar, kuma tun da Minitest, kayan aikin gwaji na Ruby, kan cakuɗa jerin gwaje-gwaje a kowane karo, yau komai zai wuce lafiya, gobe wani gwajin da ba ruwansa da maganar ya faɗi, a wuni ana neman dalili. Sannan nil ba ya zaɓe, duk gargaɗin da ya taso a wannan tsakanin ɓacewa yake yi.

Malam Bashir: Na ji, Malama, amma idan gargaɗi ya cika allo, mutane kan daina karanta shi gaba ɗaya, kuma wannan ya fi haɗari.

Injiniya Auwal: Wannan gaskiya ne, Malam, sai dai ba dole ba ne gargaɗin ya taso tun farko. Tun 2012 RSpec, wani kayan aikin gwajin na Ruby, ta zo da stub_const, wanda ke sauya ƙimar ya kuma mayar da ta asali da kansa idan gwajin ya ƙare. Mai amfani da Minitest kuwa zai iya cire ta da remove_const, ya kafa sabuwa da const_set, ya mayar da tsohuwar a cikin ensure, sashen da ke gudana ko gwajin ya wuce ko ya faɗi, Ruby kuma ba zai ce komai ba. A kula dai, duk ƙimar da aka lissafa daga tsohuwar lokacin da aka ɗora fayil ba za ta bi sabuwar ba.

Malama Rabi: Shi ya sa, Injiniya, na fi son a miƙa wa umarnin da ake gwadawa lokacin jiran kai tsaye, a bar 30 ta yi aiki idan ba a ba shi komai ba, gwaji kuma ya miƙa 1 ba tare da ya taɓa kafaffiyar ƙimar ba.