Kaya kilo 96 amma kuɗin kilo 160: yaya lissafin kagon jirgin sama yake?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwali 8 ne na jakunkunan mata za a ɗauko daga Guangzhou ta ƙasar China zuwa Kano ta jirgin sama. Kowane kwali kilo 12 a sikeli, jimilla 96, amma ejan ya ce kuɗin kilo 160 za a biya. Girman kwalin santimita 60 da 50 da 40. Cuta ce ko ƙa'ida? Sannan ana so a cusa fawa bank guda 50 a ciki, zai yiwu?

Malam Na-Kago:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba cuta ba ce, lissafin ejan daidai yake. Jirgi wuri yake sayarwa, ba nauyi kaɗai ba, domin sau da yawa cikinsa kan cika tun bai kai iyakar nauyin da zai iya ɗauka ba. Shi ya sa ake awo biyu: na sikeli da na girma, wanda ya fi yawa shi ake caja.

Na girma haka ake fitar da shi: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6,000. Naka 60 sau 50 sau 40 ya ba da 120,000, a raba ya zama kilo 20 kowane kwali, sau 8 kuwa 160 ke nan. Ka ma gode Allah ba kamfanin aika saƙon gaggawa ba ne, su da 5,000 suke rabawa, da 192 za ka gani.

Maganin yana wurin ɗaurin kaya. Jakunkuna iska ce ta cika su. A cire takardun da ake cusawa a cikinsu, a danne, a sa ƙanana cikin manya. Rage santimita 10 kacal daga tsayin kwalin, 40 ya koma 30, zai mayar da shi kilo 15, wato 120 gaba ɗaya. Kuma a kula, inda kwali ya fi kumbura nan ake sa tef ɗin awo, don haka kwali mai tumbi asara ne.

Injiniya Bakatsine:
Alhaji, batun fawa bank ɗin nan a bar shi. Batirin litiyam ne zalla, lambarsa a jerin kaya masu haɗari UN3480, kuma tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukarsa a matsayin kago a cikin jirgin fasinja. Sai jirgin dakon kaya kawai, irin Boeing 777F mai ɗaukar sama da tan 100, cajin batirin kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, da kwali na musamman da tambarin kaya masu haɗari da takardar gwajin lafiyar batiri mai suna UN38.3. Dalili kuwa, in ɗaya ya yi zafi ya kama, makwabtansa yake kunnawa ɗaya bayan ɗaya, kuma iskar kashe gobara da ke ɗakin kaya ba ta iya tsayar da shi yadda ya kamata. In aka ɓoye cikin jakunkuna na'urar bincike ta gano, duk kwali takwas ɗin ne za a riƙe, ba fawa bank kaɗai ba. Wayar da batirinta ke cikinta hukuncinta daban, UN3481 ce, ta fi sauƙi.

Hajiya Mai Takardu:
Ƙari kan bayanin Malam. Farashin kilo yana sauka a matakan nauyi: kilo 45, 100, 300, 500, 1,000. Wanda kayansa suka tsaya a 92, wani lokaci gara ya biya na 100 a farashin matakin gaba, ya fi arha. A sa ejan ya lissafa duka biyun.

Sannan a karɓi lambar takardar kago, AWB, mai lamba 11. Uku na farko na kamfanin jirgin ne: 071 Ethiopian Airlines, 176 Emirates, 157 Qatar Airways. Da ita za a bi sawun kaya a shafin kamfanin. In an haɗa kayanka da na wasu, ejan tasa takardar zai ba ka, sai ka nemi lambar babbar takardar ta kamfanin jirgin ma.

Abin da mutane ke mantawa shi ne diyya. A yarjejeniyar Montreal ta sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, bisa kilo ake biya in kaya sun ɓace, ba bisa kuɗin da ka saya ba, sai in ka bayyana darajarsu ka biya ƙari. Kuma in sun iso a lalace, kwana 14 ne kawai na kai ƙorafi a rubuce, don haka a buɗe kwali a duba tun ranar karɓa.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. Za a sake ɗaurin, fawa bank kuma a nemo masa hanyarsa daban.