Taƙaitawar Shawarwari Kan Kawar da Ƙugi a Amfilifaya Mai Layi Biyu

Masu haɗa na'urorin sauti da suka tattauna yadda za a kawar da ƙugi, wato ƙarar da ba a so da ke shiga cikin sauti, sun yi ittifaƙi cewa amfilifaya mai layi biyu (balanced), wato wadda sauti guda ke shiga cikinta ta wayoyi biyu, tana karɓar bambancin da ke tsakanin wayoyin ne kaɗai, saboda haka duk ƙugin da ya shiga su biyun daidai wa daida, kamar na wutar lantarki mai zagaye 50 a daƙiƙa, sai ya soke kansa. Sai dai sokewar ba ta cika sai turjiyar lantarki da ke tsakanin kowane layi da layin ƙasa na da'irar (ground) ta zo ɗaya, kuma a nan ne aka fi daɗewa ana bayani.

Idan aka gina mashigar amfilifayar da rizista huɗu (ƙananan sassan da ke samar da turjiya) masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari a adadin turjiyarsu, ba tare da ƙarin ƙarfi ba, ragin ƙugin zai iya faɗuwa zuwa desibel 34 (ma'aunin yawan ragin, wanda aka fi so ya yi yawa), alhali masu kuskuren kashi 0.1 suna kai shi wajen 54. Shi ya sa da yawa suka fi son INA134, wata ƙaramar haɗaɗɗiyar da'ira (IC) mai yin aikin wannan mashiga, wadda aka daidaita rizistocinta tun daga masana'anta. A ganina wannan ita ce shawara mafi amfani ga mai ƙaramin shago.

An kuma ja kunne game da fil na 1 na XLR, wato soket mai fil uku na wayoyin sauti, fil ɗin da rufin kariyar waya ke haɗuwa da shi: a haɗa shi da jikin akwatin ƙarfe daidai bakin soket, kamar yadda ƙa'idar AES48 ta ƙungiyar injiniyoyin sauti ta tanada, kada a kai shi cikin allon da'ira. Inda waya ta yi tsawo, ko ta bi kusa da janareta, taransifomar sauti ce ta fi dacewa, ko da yake tana da tsada.